Sirrin da Ke Bakin Yatsa: Tarihin Ƙwanƙwasa Katakon Jita

 Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma masu son karantawa a natse.

Yau tarihin wata sana'a za mu taɓa, sana'ar ƙera jita. Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu a rasa abin magana sai jita? Ku ɗan yi haƙuri ku biyo ni. Da farko dai jitar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, matasan Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar sun zagaya duniya da ita, shi Mdou ma da wayar birkin keke ya haɗa tasa ta farko. Amma abin da ya ja ni ga labarin shi ne wata tambaya da ta shafi kowace sana'ar hannu: ilimin da yake cikin yatsun gwani, yaya ake fito da shi a miƙa wa na baya kafin a binne gwanin da shi? Masu ƙera jita sun fi shekara 150 suna kokawa da wannan tambaya, kuma a kan ɗan wani sirirrin katako ake kokawar.

Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa sayen tulu ko tukunyar ƙasa ya ga yadda ake yi. Ba a miƙa kuɗi sai an ɗaga an ƙwanƙwasa da bayan yatsa. In ta amsa garau, lafiyarta ƙalau. In ta amsa a dakushe, akwai tsaga a ɓoye. Mai sayen kankana ma haka. To, masassaƙin jita ma ƙwanƙwasawa yake yi, sai dai shi ba tsaga kawai yake nema ba. Yakan riƙe fuskar jitar tun kafin ya manna ta a jikin akwatin, ya maƙale ta tsakanin babban yatsa da manuni, ya kai ta kusa da kunne ya ƙwanƙwasa. Yana sauraron ko muryar ta yi sama ko ta yi ƙasa, ko tana daɗewa tana amo ko nan take take mutuwa, ko murya ɗaya ce ko muryoyi da yawa ne a cakuɗe. Daga abin da ya ji ne zai san inda zai kankare.

Don a gane dalili, ku ɗauki jita a matsayin ganga. Gurmi da garaya da kuntigi duk fata ce a fuskarsu. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata ƙara, siririya ce, ba ta iya tura iska. Sai ta bi ta kan jaki, wato ɗan abin nan da take hawa a kai, ta girgiza fatar, fatar ce ke magana. Jita ma haka take, illa dai a madadin fata an sa katako mai kaurin da bai kai milimita 3 ba, yawanci na wani itace mai suna sufurus da ke fitowa a ƙasashen sanyi. Matsalar ita ce tsirkiyoyi shida na ƙarfe suna jan wannan ɗan katako da nauyin da ya kai wajen kilo 70, ya fi buhun siminti ke nan, dare da rana, shekara da shekaru. Na leda ma suna ja da wajen kilo 40. In aka bar katakon shi kaɗai zai kumbura ya fashe. In aka yi shi da kauri kuma ya zama bebe.

Mafita ita ce 'yan siraran sanduna da ake mannawa ta ciki, inda ido ba ya gani. Ni azara nake kiransu, don aikin da azara ke yi wa rufin soro shi suke yi. Duk faɗan da za ku ji a shirin nan a kan azarar nan ne: guda nawa za a sa, yaya za a jera su, kuma nawa za a kankare daga jikinsu.

Kankarewar tana da wani lissafi mai ban tsoro. Kun san kafinta yana kafa katakon rufi a kan gefensa ne, ba ya kwantar da shi, don ƙarfin katako a tudunsa yake. In ka rage tudun azara da kashi ɗaya cikin biyar kacal, kusan rabin taurinta ya tafi. In ka raba tudun biyu, kashi ɗaya cikin takwas ne ya saura. Shi ya sa ɗan abin da cizal zai ɗebo, wanda bai fi ɓawon albasa ba, yake sauya muryar katakon, ta sauko ƙasa. Kuma abin da ka kankare ya tafi ke nan, ba a mayarwa. Ga shi itace ba ƙarfe ba ne. Allo biyu daga irin itace ɗaya, kauri ɗaya, ɗaya zai iya kusan ninka ɗaya tauri. Awon da ya yi wa wannan daidai zai kashe wancan.

Mutumin da ya ba jitar gargajiya siffar da take da ita yau sunansa Antonio de Torres. Ba mai buga ƙwallo ba fa, wannan kafinta ne. An haife shi a 1817 a wani ƙauye kusa da Almeriya a kudancin Sifaniya, yankin Andalus. Ya koma birnin Sebiya, wanda littattafan tarihin Musulunci ke kira Ishbiliya, kuma a shekarun 1850 wani makaɗi mai suna Julián Arcas ya ƙarfafa masa gwiwa ya riƙi ƙera jita a matsayin sana'a. Ba shi ya fara jera azara kamar mafici ba, masassaƙan Sebiya da Kadis sun riga shi tun ƙarni na 18. Abin da ya yi shi ne ya faɗaɗa jikin jitar, ya sirance fuskar ƙwarai har wani wurin bai kai milimita 2 ba, ya jera azara bakwai a baje kamar yatsun maficin kaba, ya ɗan ba fuskar doro don ta yi ƙarfi ba tare da nauyi ba. Jitarsa ba ta da nauyi a hannu amma muryarta na cika ɗaki. A 1858 ya ci lambar tagulla a baje kolin Sebiya. Francisco Tárrega, wanda ya zama uban makaɗan jitar gargajiya, da jitar Torres ya yi suna.

A 1862 Torres ya yi wani abu da har yau ake labarinsa. Ya ƙera jita, fuskarta da sufurus mai kyau, amma bayanta da gefenta da kwali. Kwali fa, takarda da aka danne. Yadda aka fi fassara abin shi ne yana son ya nuna cewa murya a fuska take, sauran jiki akwati ne. Jitar ta yi kiɗa, kuma tana nan har yanzu a gidan adana kayan kiɗa na Barsalona. Ni wannan ya burge ni, don gwaji ne irin na masu kimiyya: ka sauya abu ɗaya ka bar sauran, ka ga me zai faru. Kafinta ne ya yi shi, ba farfesa ba.

Amma suna bai zama kuɗi ba. Wajen 1870 ya rufe shago ya koma Almeriya yana sayar da tangaran da kayan gilashi. A 1875 ya dawo sana'ar. Da tsufa ya kama shi hannunsa ya riƙa rawa, har wani matashin limamin coci, Juan Martínez Sirvent, ya riƙa taya shi aikin da ke son nutsuwar hannu. Wannan limami ne ya rubuta wata wasiƙa a 1931 da ta adana mana labarin da ya fi kowane shahara a sana'ar. Wai a wani zaman cin abinci aka roƙi tsohon kada ya tafi kabari da sirrinsa. Sai ya nuna musu babban yatsa da manuni, ya ba su amsar da ma'anarta ita ce, abin da suke kira sirri a bakin yatsun nan biyu yake, su ke gaya wa hankalinsa ko katako ya kai ko bai kai ba, kuma ba shi da hanyar da zai bar wa wani, tare za a binne su. Ya rasu a watan Nuwamba na 1892, cikin talauci.

Mutane na son wannan labari saboda yana da daɗin ji. Ni kuwa tausayi yake ba ni. Ban ɗauka rowa ce ta sa ya faɗi haka ba, gaskiya ya faɗa. Yana lanƙwasa katakon a hannu, yana jin yadda yake turjewa, yana ƙwanƙwasawa, amma ba shi da kalma ko lamba da zai sa wa abin da yake ji. Abin da ba shi da suna kuwa ba a iya aika shi a wasiƙa.

Abin mamaki, tun kafin a haifi Torres wani Bajamushe ya riga ya gano yadda za a ga sauti da ido. Ernst Chladni, ana furta sunan Kiladni, lauya ya karanta don mahaifinsa ya tilasta masa, da uban ya rasu ya koma ga abin da yake so. Yakan ɗauki faranti shimfiɗaɗɗe na ƙarfe ko gilashi, ya barbaɗa yashi a kai, ya goga bakan goge a gefensa. Da farantin ya ɗauki kuka sai yashin ya riƙa tsalle yana gudu daga wuraren da ke girgiza, ya taru a layukan da ba sa motsi. Sai ga zane ya fito, wani kamar gicciye, wani kamar zobe, wani kamar tauraro. Kowace murya da zanenta. Ya wallafa wannan a 1787. Ku lura, layukan nan da ba sa motsi su ne inda masassaƙi yake riƙe katako in zai ƙwanƙwasa. In ya riƙe a wani wurin dabam, yatsunsa za su shaƙe muryar. Hannu ya san wurin tun kafin yashi ya nuna shi.

Chladni ya kai wasansa Faris, har gaban Napoliyon. Napoliyon ya ba da kuɗi a fassara littafinsa zuwa Faransanci, aka kuma sa gasa ga duk wanda zai fito da lissafin da ke bayan zanen. Manyan masana lissafi suka ja da baya, suna ganin abin ya yi wuya. Wadda ta shiga ita ce Sophie Germain, macen da ba a bari ta shiga babbar makarantar kimiyya ta Faris ba saboda mace ce, har sai da ta ari sunan wani ɗalibi namiji tana aika aikinta ga malamai. A zagayen farko a 1811 ita kaɗai ta miƙa amsa, ba ta ci ba. Ta sake, ba ta ci ba. A karo na uku, a 1816, aka ba ta kyautar. Lissafin lanƙwasuwar faranti da injiniyoyi ke amfani da shi yau ya bi ta hannunta, ko da yake wasu sun gyara shi daga baya. Ku riƙe wannan, don akwai wata macen a gaba.

Wanda ya fara kai yashin kan kayan kiɗa shi ne Félix Savart, likita ɗan Faransa. Ya haɗa kai da wani shahararren mai ƙera gogen Turawa a Faris, Jean-Baptiste Vuillaume, wanda ya ba shi dama aka ɓalle fuska da bayan wasu gogunan Stradivari da Guarneri, kayan da yau kowane ɗaya ke kai miliyoyin daloli. Savart ya auna muryar kowane allo, ya ce ya tarar muryar fuska da ta baya ba ɗaya ba ce, akwai 'yar tazara ƙarama a tsakaninsu. Karo na farko ke nan da aka mai da ƙwanƙwasar gwani ta zama lamba a takarda. Amma a kan goge aka yi, jita a lokacin ba a ɗauke ta da daraja haka ba.

Yanzu mu tsallaka Amurka, don can ne labarin ya ɗauki wata hanya dabam. Christian Frederick Martin ɗan wani gari ne a Jamus, Markneukirchen, kuma gidansu kafintoci ne. Ƙungiyar masu ƙera goge ta garin ta yi ta kai ƙara wai a hana kafintoci yin jita, sana'arsu ce su kaɗai. Kun ji dai, 'yan ƙungiya masu tare ƙofa ba yau suka fara ba. Kafintocin sun yi nasara, amma Martin ya gaji, a 1833 ya kwashi iyalinsa sai Niyok, daga baya ya zauna a garin Nazareth na jihar Pennsylvania, inda kamfanin yake har gobe. A shekarun 1840 ya fara jera manyan azara biyu a gicciye kamar harafin X. A lokacin tsirkiyar hanji ake amfani da ita, ba wanda ya san amfanin tsarin na gaske. Sai a shekarun 1920, da tsirkiyar ƙarfe ta mamaye kasuwa, aka gane X ɗin nan shi ne ke iya ɗaukar jan ƙarfe ba tare da ya shaƙe murya ba.

Ma'aikatan Martin sukan fafe tsakiyar azarar, su bar tudu a wasu wurare, su yi kwari a wasu, kamar yadda ake fafe ƙwarya. Jitocin da suka fito a shekarun 1930 da wannan fafewa su ne har yau ake ɗauka ma'auni a jitar ƙarfe. Ƙirar da ake kira D-45 guda 91 kacal aka yi daga 1933 zuwa 1942, kuɗin ɗaya yanzu zai sayi gida. To, sai me ya faru? Makaɗa na son ƙara, babu lasifika a ko'ina, suka riƙa ɗaura tsirkiyoyi masu kauri. Fuska ta riƙa kumbura a bayan jaki, jitoci suka riƙa dawowa gyara, kamfani kuma ya ba da garanti. Dalilin da aka fi bayarwa ke nan na abin da ya biyo baya. A ƙarshen shekarun 1930 aka matsar da X ɗin baya kusa da jaki. A ƙarshen 1944 aka daina fafewa gaba ɗaya. Gibson ma a shekarun 1970 ya ƙara X na biyu, aka samu jitocin da ba sa fashewa kuma ba sa magana sosai.

Ba na zagin kamfani a kan wannan, lissafinsa a fili yake. Mai yin jita dubbai ba zai tsaya yana sauraron kowane allo ba. Awo ɗaya zai yanka wa kowa, kuma dole awon ya zama wanda allo mafi rauni zai jure. Ma'ana allo mai ƙarfi, wanda da an sirance shi da ya yi waƙa, ya tafi da kayan da ba ya bukata. In ka ci sa'a awon ya dace da allonka, ka samu jita mai daɗi. In ba ka ci ba, ka samu akwati mai kyan fenti. Shi ya sa jita biyu ƙira ɗaya, rana ɗaya aka yi su, muryarsu take bambanta.

Makaɗa kuma ba su zauna ba. Masu gyara suka riƙa zura hannu ta ramin fuska da ɗan ƙaramin abin kankara ko samfefa, suna fafe azara a makance, da madubi da lalube. Wasu jitocin suka farfaɗo, wasu suka lalace har abada, garanti kuma ya tashi. Sai a 1976 Martin ya dawo da fafewa a ƙirar HD-28, bayan shekara 32, saboda masu saye sun ƙi daina tambayar irin ta da.

Akwai wanda ya so ya shigo da kunne cikin masana'anta tun da wuri. Lloyd Loar, makaɗi kuma injiniyan sauti a Gibson a farkon shekarun 1920, yakan sa hannu a wata 'yar takarda a cikin kayan kiɗan da ya duba, mai shaida cewa an gwada fuska da baya da azara da iskar ciki an daidaita muryarsu. Bai daɗe ba, a 1924 ya bar kamfanin. Kayan da ya sa wa hannu yanzu ana rububinsu.

Ga mace ta biyun. Carleen Hutchins malamar kimiyya ce a makarantar yara, ilimin halittu ta karanta, tana zaune a Montclair a jihar New Jersey. Ta sayi wani goge mai araha, muryarsa ba ta yi mata ba, ta ce bari ta ƙera nata. Daga nan ta haɗu da Frederick Saunders, tsohon farfesan fiziks na jami'ar Harvard, ta riƙa ƙera masa kayan gwaji, waɗanda za a huda, a yanka, a sauya ba tare da an yi asarar Stradivari ba. Akwai gogen da ta huda wa ramuka 65 a gefe don ta ga abin da iskar ciki ke yi. A ɗakin ƙasa na gidanta ta sabunta dabarar Chladni: ta ɗora allo a kan lasifika, ta barbaɗa ƙyalƙyali, ta riƙa murɗa na'ura tana ɗaga murya a hankali har ƙyalƙyalin ya yi tsalle ya jeru. Ta rubuta lambar, ta duba zanen, ta kankare kaɗan, ta sake. In zoben bai rufe ba ko gicciyen ya karkace, ta san gefen da ya yi tauri.

Abin da ya sa nake girmama ta shi ne abin da ta yi da sakamakon. A 1963 ita da abokan aikinta suka kafa ƙungiya mai suna Catgut Acoustical Society, masana kimiyya da masassaƙa a zaure ɗaya, kowa ya kawo abin da ya gano a buga. Ta yi rubutu a mujallar Scientific American a 1962 da 1981 yadda kowa zai karanta. Ta koyar da ɗalibai, cikinsu akwai Alan Carruth wanda ya kai dabarar kan jita. Ta rasu a 2009 tana da shekara 98, kuma nata ilimin bai bi ta kabari ba.

Nan ne nake so matasanmu su tsaya su yi tunani. Yaro zai shekara biyar a wurin koyon sana'a yana shara yana sayo abinci, in an zo wurin da aikin yake sai a aike shi. Wani ogan rowa ce, yana tsoron yaron ya buɗe shago a gabansa. Wani kuwa irin Torres ne, ya iya amma bai san yadda zai faɗa ba. Mu kuma da muka je jami'a muka haddace lissafin girgiza don jarrabawa, muna ganin zama kusa da masassaƙi da littafi da ma'auni faɗuwa ce. Masu haɗa kalangu da gurmi da goge a garuruwanmu suna da nasu kunnen, sun san fatar da za ta yi magana da wadda ba za ta yi ba. Wa ke zama da su yana aunawa yana rubutawa? In kuwa za a rubuta, da sunansu da yardarsu za a rubuta, ba a kwashe a je a karɓi digiri a bar su da na goro ba.

Kada kuma ku ɗauka na'ura ta gama magana. Har yau masu ƙera jita ba su daidaita ba. Babbar sukar da ake yi wa ƙwanƙwasa allo shi kaɗai ita ce, da zarar ka manna shi a jikin akwati, gefunansa sun ɗaure, jaki ya hau, iskar ciki ta shigo, duk muryoyin da ka daidaita sun sauya. Ita iskar ma tana da tata murya, irin kukan da kwalba ke yi in ka hura bakinta. A jita takan faɗo wajen girgiza 100 a sakan, ta fuskar kuma wajen 200. In ɗaya daga cikinsu ta faɗa daidai kan wata murya da ake kaɗawa, wannan muryar sai ta fito da ƙarfi ta mutu nan take, kamar an toshe mata baki. Saboda haka wasu, irin su Trevor Gore da Gerard Gilet na Ostireliya da suka fitar da littafinsu a 2011, suka ce a auna nauyin allon, a ƙwanƙwasa shi gaban makirfo tun yana ɗanyen allo, a lissafa kaurin da ya dace da shi, sannan a yi gyaran ƙarshe bayan an rufe akwatin, a tura muryoyin jikin su faɗa tsakanin muryoyin kiɗa. Wasu kuma irin su Dana Bourgeois a jihar Maine har yanzu da kunne da yatsa suke yi, yana ƙwanƙwasa wurare dabam-dabam yana neman muryoyi masu yawa masu rai, kuma jitocinsa ba wanda ke raina su.

Kimiyya ma ta sha ƙasa a nan. Michael Kasha, babban farfesan kimiyyar sinadarai a Florida, ya zana sabon tsarin azara daga tunanin fiziks, Gibson ya ɗauki ra'ayin ya fito da jerin jitocin Mark a 1975. Kasuwa ta ƙi su, kafin 1980 an daina. A ɗaya gefen, Greg Smallman a Ostireliya ya sirance fuska ƙwarai, ya tallafe ta da saƙar raga ta itacen balsa da zaren kabon, John Williams ya ɗauka ya hau manyan dandamali da ita. Wasu suka ce ƙara ta zo, wasu suka ce zaƙin Torres ya tafi. Taylor ma a 2018 ya fito da tsarin V a madadin X, gardama ta sake tashi.

Abin da ya sauya ƙwarai shi ne farashin shiga. Kayan da Hutchins ta cika ɗaki da su, yau makirfon waya da manhajar kyauta suna nuna maka lambar muryar allo cikin sakan ɗaya. Sikelin awo, ƙaramar lasifika, ɗan ganyen shayi a madadin ƙyalƙyali, shi ke nan. Sai dai duk wanda zai gwada a nan arewa ya san da hunturu. Masu ƙera jita sukan tsare danshin iskar shagonsu wajen kashi 45 cikin 100, mu kuwa a Kano lokacin hunturu yakan sauka ƙasa da 20. Allon da ka auna a watan Agusta ba shi ne na Janairu ba, ya bushe ya tsuke, muryarsa ta motsa. Jitar da aka manna a danshi aka kawo ta nan, azara na riƙe da ita ta ciki, allo na son tsukewa, sai ka wayi gari ka ga tsaga daga jaki zuwa ƙasa.

Shi kuma Torres, wani kafinta ne ya koma ya tono abin da za a iya tonowa. José Luis Romanillos ɗan Madrid, an haife shi a 1932, ya tafi Ingila a 1956 yana aiki a asibiti, ya ƙera jitarsa ta farko don ba shi da kuɗin saye. Ya kai matsayin da Julian Bream ke kaɗa jitarsa. Ya shafe shekaru yana bin jitocin Torres da suka saura a ƙasashe, yana leƙa cikinsu, yana auna kaurin fuska wuri-wuri, yana tono takardun kotu da na coci, ya fitar da littafi a kansa a 1987. Awon ya nuna kaurin ba ɗaya ba ne daga jita zuwa jita, kai ko a fuska ɗaya ma tsakiya dabam, gefe dabam. Daga baya Romanillos ya koma Sifaniya, ya riƙa buɗe ajin koyarwa a garin Sigüenza, masu koyo na zuwa daga ƙasashe dabam-dabam, yana miƙa musu allo su lanƙwasa a hannu su ƙwanƙwasa, ga kuma lambobin a takarda. Ya rasu a 2022.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.